Ƙofar Makaranta Ranar Laraba

Duk ranar Laraba, da an kaɗa ƙararrawar tashi, malaman makarantar sukan shige ofis su rufo ƙofa domin addu'ar mako. Yara kuwa ba sa jiran a ce amin. Dole wani ya tsaya a bakin babbar ƙofa ya sallame su, kuma tun da aka kafa makarantar, wannan aiki na sabon zuwa ne. Sabuwar zuwa a bana ita ce Anti Baƙuwa.

Yara ne suka raɗa mata sunan, malamai suka kama, har Fasto ma da shi yake kiranta a majami'a. Ikkilisiyarsu ta can gida ce ta turo ta aikin sa kai na shekara guda, ta taya malaman ƙananan azuzuwa, ta nuna musu yadda ake koyar da karatu da waƙa da wasa ba sai da bulala ba. Ta baro uwa da ƙanne, ta hau jirgi karo na farko a rayuwarta, ta sauka a ƙasar da sai ta yi lalube kafin ta haɗa magana ɗaya a harshensu. Yanzu bakinta ya ɗan sake, amma fuskoki na nan suna rikita ta. Iyaye mata, kakanni, yayye, maƙwabta, kowa ya zo ya miƙa hannu ta ƙofa, yaro ya rugo ya kama.

Tun makonta na farko ta gaya wa Hedimasta cewa wannan tsari bai yi ba. Ta yaya za a ba wadda ba ta san kowa ba ƙofa, waɗanda suka san kowa su shiga ɗaki su rufe ido? Hedimasta dattijon ikkilisiya ne, mai sanyin murya, wanda bai taɓa jin wata magana da ta isa ta ɗaga shi daga kujera ba. Dariya ya yi.

"'Yata, yaro ai ya san nasa. Ki duba wanda ya ruga wurinsa, shi ke nan. Tun ba a haife ki ba haka muke yi, ko akuya ba ta taɓa ɓace mana ba."

"Baba, ai ba ku da awaki."

"To, kin gani."

A wannan Laraba yara sun kusa ƙarewa, saura 'yan tsiraru a gindin katanga. A cikinsu akwai Mai Giɓi, 'yar aji ɗaya wadda haƙoranta na gaba suka zube, tana zaune a kan jakarta tana jiran Kaka, wato kakarta. Kaka kullum ita ce ta ƙarshe, saboda ciwon gwiwa.

Sai ga wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa. Farar riga a goge, takalmi na sheƙi, leda a hannu. Ya ɗan rusuna.

"Salamar Ubangiji, 'yar'uwa. Sannu da aiki."

Kafin ta amsa, Mai Giɓi ta ƙwalla ihu. "Baba!" Ta zubar da gorar ruwanta, ta sheƙo a guje ta faɗa jikinsa. Ya ɗaga ta sama ya juya, tana ƙyalƙyala dariya, giɓin nan a waje. Har sai da abin ya taɓa zuciyar Anti Baƙuwa. Ta tsinci gorar ta bi su da ita 'yan taku.

"Yau Kaka ta huta ke nan?"

"Ta huta," in ji shi. Ya karɓi gorar, ya yi godiya, suka yi hagu.

Ba da jimawa ba sai ga Kaka daga dama, tana dogara laimarta, tana haki. Ta leƙa gindin katanga.

"Ina kishiyar tawa? Ta ɓuya ne don ta ba ni wahala?"

"Ai babanta ya zo ya ɗauke ta, Kaka."

Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Laimar ce ta fara faɗuwa, sannan ita ta bi ta, ta zauna daɓas a ƙasa a tsakiyar ƙofa, ƙafafu a miƙe.

Anti Baƙuwa ta ruga ofis. Waƙa ake yi a ciki. Ta daki ƙofar da hannu biyu har sai da waƙar ta yanke. Malam Dogo, malamin aji ɗaya, ya buɗe da littafin waƙoƙi a hannu. Ta faɗi abin da ya faru, kalmomi na sarƙe mata. Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ta gani ya fi zaman Kaka ba ta tsoro. Babu wanda ya tambaya wane uba. Dukansu sun sani.

Malam Dogo ne ya gaya mata, da sauri, yana neman makullin babur a aljihu. Mutumin ya daɗe yana dukan matarsa. Kotu ta raba su, ta hana shi zuwa kusa da yarinyar. Bara ya ɗauke ta daga ƙofar gida, sai da aka yi watanni ana nema. Ya rantse in ya sake samunta, ƙetare iyaka zai yi da ita. Uwar tana aiki a masana'antar ɗinki, inda ake karɓe wayoyi a bakin ƙofa sai an tashi.

"Kullum muna sa su a addu'a," in ji Hedimasta.

Sai ta tuna. Kowace safiya, a sujadar malamai, Hedimasta yakan ce mai roƙon da ba ya so ya bayyana ya ɗaga hannu, Ubangiji ya san zuciya. Kowace safiya hannun Malam Dogo yana sama. Ita kuma, ido a rufe, tana cikin masu ƙarfin amin. Ashe a kan mutumin da ta bi da gorar ruwa take ta cewa amin.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Asirin gidan mutane ne, 'yata. Uwar 'yar ikkilisiya ce. Ba ma yawo da maganar 'yar'uwa, gulma zunubi ce."

"Ni kuka ba ƙofa, Baba! Ni! Allah ya riga ya san fuskar mutumin, ni ce ban sani ba!"

Hedimasta ya miƙa hannuwansa biyu ya ce a kama hannu a roƙi Ubangiji tukuna, kuma kada a yi gaggawar kiran 'yan sanda, domin in magana ta fita, sunan makaranta da na ikkilisiya ne za a ja a ƙasa. Wasu har sun fara miƙa hannu. Malamar aji biyu kaɗai ta zaro wayarta ta fita baranda tana dannawa.

Daga bakin ƙofa muryar Kaka ta fito a karo na farko. "Tasha. Tasha zai je."

Tasha biyu ce a garin. Malam Dogo ya ce zai ɗauki Kaka a babur su tafi babbar, mai nisa. Ƙaramar tana bayan kasuwa, hanyar hagu, ana zuwa da ƙafa.

"Ki kira ni in kin gan su, ƙanwata. Kin san hanya?"

Anti Baƙuwa ta fita a guje, ta nufi ƙaramar tashar.

Sau ɗaya ta taɓa bin hanyar, shi ma a mota. Ta wuce layin teloli, ta wuce mai walda yana zubar da tartsatsi a kan hanya, ta tsallake kwata, ta kusa ture tiren wata mai lemo. Duk yarinyar da ta hango da shuɗin kayan makaranta sai ta sha gabanta ta leƙa fuska, ta ga ba ita ba ce. Wata uwa ta ja 'yarta gefe tana hararar ta. Ta so ta yi addu'a, amma duk ayoyin da ta haddace tun tana makarantar Lahadi sun gudu, saura suna ɗaya, shi take ta maimaitawa tare da numfashi. Yesu. Yesu. Ta tuna ranar da dattawan ikkilisiyarsu suka ɗora mata hannu a gaban jama'a, uwarta na share hawaye da bakin gyale. Sun aiko ta ta kula da 'ya'yan mutane, ga shi ta miƙa ɗaya da hannunta tana murmushi.

Tashar cike take da ƙananan bas-bas, kwandastoci na kiran sunayen garuruwan da ba ta iya bambancewa. Ta bi layi tana leƙa tagogi, tana neman shuɗi. Ta zagaya duka ba ta gani ba.

"Anti! Anti, ga ni!"

A motar ƙarshe, kusa da hanyar fita, wata yarinya mai sabuwar riga ruwan ɗorawa da hular rana tana ɗaga mata biskit ta taga. Abin da ke cikin ledar ke nan. Ya zo da shirinsa, har da kayan da zai sauya mata. Motar ta kusa cika, injin kaɗai ba a tayar ba.

Ta zaro wayarta ta kira Malam Dogo.

"Suna nan. Ƙaramar tasha. Motar za ta tashi."

"Muna cikin cunkoso, amma ga mu nan. Ki tsare su. Kada ki taɓa yarinyar, kin ji ni? Ko me zai faru, kada ki ɗora mata hannu."

Ta je ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta kama ƙarfen da hannu biyu.

"Shiga ko ki matsa, malama," in ji kwandasta. "Nan ba wurin ɗaukar hoto ba ne."

Mutumin yana layi na biyu, yarinyar a cinyarsa. Ya dube ta, ko gezau bai yi ba.

"'Yar'uwa, mun manta wani abu ne?"

"An yi kuskure. Kaka ce ke ɗaukarta. Tana zuwa."

"Ke kika ba ni ita. Har ruwa kika biyo mu da shi, Allah ya saka." Ya yi murmushi. Sannan ya ɗaga murya, ba da fushi ba, kamar mai sanarwa a majami'a. "Jama'a, ku taimake ni. Ku saurari bakin matar nan. Ku tambaye ta daga wace ƙasa ta zo, kuma me take nema da 'yata tun daga makaranta."

Kawuna suka juyo. Wata mata mai ƙaton buhu a cinya ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ba 'yar nan ba ce. Ku ji yadda take magana."

"Irinsu ne fa," in ji wani daga baya. "Su zo da sunan taimako."

"Masu satar yara!"

Ba ta ga wanda ya faɗa ba, amma maganar ta zagaye tashar kafin ta haɗiye yawu. Masu tura baro suka ajiye, 'yan talla suka matso, wani ya hau kan taya don ya gani da kyau. Ta buɗe baki ta yi bayani, sai harshen ƙasar ya zube mata gaba ɗaya, duk abin da ta koya. Abin da ya fito guntaye ne: malama, makaranta, kotu, kaka. Aka yi dariya, ba irin ta wasa ba. Fasfonta yana can cikin aljihun tebur a gidan baƙin ikkilisiya. Ba ta da ko ɗan kati mai nuna ita wace ce. Ta taɓa jin abin da taro ke yi wa wanda aka kira da wannan suna, kuma ta san ba a tsayawa tambaya. Wani ya fizgi jakarta ta baya, igiyar ta shaƙe mata wuya. Wani ya doki kafaɗarta. Ba ta saki ƙarfen ba, kuma ba jarumta ba ce, yatsun ne suka ƙi buɗewa.

Direba ya zagayo, wani mai tumbi da tsinken sakace a baki. Ya ture mutane ya leƙa cikin motar.

"Ke 'yar gidana, wane ne wannan?"

"Babana."

"Wannan fa?"

"Antinmu ce. Ita ke koya mana waƙa." Yarinyar ta daina cin biskit, idanunta sun cicciko.

"Ina za ku da Baba?"

"Ya ce kada in faɗa."

"Mama ta san kun fito?"

Mai Giɓi ta ɗaga kai ta dubi ubanta. Shi kuma ya shafa mata hula.

"Malam direba, tsakanina da matata ne. Kai ma magidanci ne."

Direba ya juya tsinken daga wannan gefen baki zuwa wancan. Fasinjoji suka fara ƙorafi, rana na yi, wani yana da jana'iza, wata kayanta za su lalace.

"Ni ba alƙali ba ne," ya ce a ƙarshe. "Uba ne da 'yarsa. Yaro, cire ta mu tafi."

Haka kawai. Ya ji da kunnensa, ya gane, ya zaɓi kada ya gane. Ya shiga ya tayar da injin. Kwandasta ya fara ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana ba ta haƙuri yana murɗewa. Da ta ga hannun zai kuɓuce, sai ta sulale ta zauna a kan matakin ƙofar, rabin jikinta a ciki, ƙafafunta a ƙasa a gaban tayar baya. Motar ta ɗan zabura. Takalminta ya ja ƙasa. Ta runtse ido tana jiran ta ji ƙashi ya karye.

Ƙarar hon ɗin babur ta ratsa taron. Malam Dogo ya kutso da shi har gaban motar ya gicciye. Kaka ta sauko tun bai gama tsayawa ba, ɗankwali ya zame, furfura a waje, babu laima, babu ɗingishi.

"Ku kalle shi!" Muryarta ta fashe, amma ta kai ƙarshen tashar. "Ku kalle shi da kyau, mai farar riga. Surukina ne. Shi ya karya wa 'yata hannu. Shi ya zauna mata a ciki tana da juna biyu har cikin ya zube, ni na wanke jinin da hannuna. Alƙali ya ce kada ya ƙara zuwa kusa da yarinyar nan. Ban taɓa faɗa ba, ko a gaban Fasto ban faɗa duka ba, don kunya. To yau na faɗa. Wanda zai tuƙa motar nan ya fara bi ta kaina."

Sai ƙugin injin ya mutu. Direba ya zare makulli ya jefa a aljihu, yana duban wani wuri daban. Matar nan mai buhu, wadda ta fara cewa a ji bakin baƙuwa, ita ce ta fara juyawa.

"La'ananne! Ka sauke musu yarinya!"

Hannun da ke riƙe da jakar Anti Baƙuwa ya saki. Taron da ya taru dominta ya karkata gaba ɗaya ya koma kan tagar layi na biyu, da fuskoki iri ɗaya da zafi iri ɗaya. Wannan ma ya ba ta tsoro.

Mutumin bai yi gardama ba. Ya ga yadda abin ya juya, kuma ya ji malamar aji biyu ta kira 'yan sanda, domin Malam Dogo ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Ya miƙe, ya ratso ta kan Anti Baƙuwa da yarinyar a hannu, ya dire ta a ƙasa, ya gyara mata wuyan riga. Sannan ya sunkuyo daidai kunnen Anti, ƙamshin turarensa ya cika mata hanci.

"Na gode da ruwa, 'yar'uwa. Na san inda kike tsayawa."

Kafin a yanke shawarar wanda zai fara kama shi, ya bi ta tsakanin motoci biyu ya shige kasuwa.

Mai Giɓi ta tsala ihu tana kiran Baba. Kaka ta rungume ta, tana fizgewa. Anti Baƙuwa ta rarrafo ta durƙusa a gabanta, ta buɗe baki za ta lallashe ta, yarinyar ta kai mata duka a fuska da hannun da ke riƙe da biskit.

"Ba na son ki! Ke kika kore shi! Ba zan ƙara yin waƙarki ba!"

"Na ji," in ji Anti Baƙuwa. Garin biskit na manne a kumatunta, ba ta share ba.

Kaka ta ɗaga jikarta ta saɓa a kafaɗa, ƙatuwa da ita, ƙafafu na reto. Gwiwar ta dawo, tana tafiya tana cije leɓe. Wani mai tasi ya buɗe musu ƙofa.

Sai a lokacin Anti Baƙuwa ta zauna a kan wani bulo a gefen hanya. Takalminta ɗaya ya tsinke, yatsun hannunta sun kumbura. Malam Dogo ya tsaya a kanta, yana kare mata rana da tsawonsa. Wayarsa ta yi ƙara, ya amsa, ya ce to, to, an gode Allah, ya kashe.

"Hedimasta ne. Ya ce mu koma, ana jiranmu a yi addu'ar godiya."

"Zan zo." Ta ɗago kai ta dube shi. "Amma ba zan rufe ido ba sai kowa ya buɗe baki. Malam, ka gaya mini gaskiya. Ita kaɗai ce?"

Malam Dogo ya dubi makullin da ke hannunsa.

"A ajina akwai wasu biyu," ya ce. "Na sauran azuzuwan ban sani ba. Ba mu taɓa tambayar juna ba."

Ta cire ɗaya takalmin ta riƙe su a hannu, ta miƙe da ƙyar, ta hau bayan babur ɗin.